Jakar da Baba Mai Hatsi Bai Buɗe Ba

Aikina tafinta ne. Na yi shekaru ina tsaye a gefen akwatin wanda ake tuhuma a kotunan Abuja, ina mai da Turanci Hausa, ina mai da Hausa Turanci. Ba ni da ɓangare, ba a kuma tambayar ra'ayina. Abin da ya fito daga bakin mutum shi nake ɗauka in miƙa, ko zai cece shi ko zai kai shi ƙasa. A kan haka aka rantsar da ni ranar da na kama aiki, kuma har yau duk shari'ar da za a fara sai an sake tuna mini, sai ka ce an ga alamar mantuwa a goshina.

A kotun majistare na fara, can na koyi kalmomin. Kafin nan ni a wurina duk wanda ya ci kayan wani ɓarawo ne, magana ta ƙare. Ashe doka ba ta yarda da wannan lalacin ba. Wanda ya ɗauke abinka ba da yardarka ba, shi ne ya yi sata. Wanda ya zo maka da daɗin baki da ƙarya har ka ɗauko da hannunka ka ba shi kana godiya, wannan damfara ya yi. Na ga irinsu da yawa, masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku a bayan Kwali, kuma kusan dukkansu sun fi ni iya sa kaya. Akwai kuma wanda bai saci komai ba, amma ya karɓi kaya a araha alhali ya san na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya sani. Masu saye da sayar da tsofaffin wayoyi da kayan mota a wajen Gudu sun sha tsayawa kusa da ni a kan wannan, kowa yana rantsuwa da kabarin kakansa.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce cin amana. Ka ba mutum ajiya, ko ka ɗora shi a kan dukiyarka, ya juya ta ta zama tasa. Wannan kam ba sai na wahala wajen fassara ba. Da na faɗi kalmar sai ka ga mutum ya sunkuyar da kai, don tun yana ƙarami ya san nauyinta. Akwai direban da aka ba motar ɗaukar yashi ya sayar da sababbin tayoyinta ya sa tsofaffi. Da aka karanta masa tuhuma cewa ya yi, "A ce sata mana, oga, kada a ce cin amana." Na fassara. Alƙali ya ce ba kasuwa muke ba.

Duk waɗannan laifuffuka abu guda ne a ƙarƙashinsu: me mutum ya sani, me kuma ya nufa. Alƙali ba ya ganin zuciya. Sai dai ya dubi abin da ka yi da abin da ka ƙi yi, ya auna.

Daga baya na koma babbar kotun tarayya, inda ake kawo shari'ar ƙwaya. Nan ma da nasu kalmomin. Akwai safara, wato ɗaukar kayan daga wani wuri zuwa wani. Akwai dillanci da sayarwa. Akwai kuma mallaka, wadda ta fi kowacce kama mutane. A gaban doka ba sai abu naka ne ba. In yana ƙarƙashin hannunka, a ɗakinka ko shagonka ko motarka, kuma ka san da shi, to ya isa. Lauyoyi kan ƙara da cewa wanda ya ji a jikinsa akwai wani abu, ya rufe ido da gangan don kada ya gani, shi da wanda ya gani duk ɗaya ne. Na maimaita wannan bayani ga mutane har ya zama ina iya yin sa ina tunanin cefane.

A wannan kotun aka kawo Baba mai hatsi.

Dattijo ne dogo, siriri, gemunsa fari, da 'yar hula da ta sha wanki. Yana da shago a Tungan Maje, bakin hanyar da ta taso daga Zuba zuwa Gwagwalada, yana auna gero da masara da wake. Ni a Gwagwalada nake zaune, don albashina bai kai kuɗin hayar cikin gari ba, saboda haka safe da yamma motar haya na wucewa da ni ta ƙofar shagon. Ban taɓa lura da shi ba sai da shari'a ta haɗa mu.

Abin da ya faru, kamar yadda shaidu suka faɗa, ba shi da tsawo. Bayan kaka, jami'an yaƙi da ƙwaya suka sami labari, suka je shagon da takardar izinin bincike. A ɗakin ciki suka tarar da jakunkunan bakko jibge har kusa da rufi, wasu an ɗaure da igiya, wasu an ɗinke bakinsu da basilla. Suka sa wuƙa suka farke su ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Babu komai a ciki sai atamfa, da takalman yara, da fitilu masu caji, da rediyo, da sabulu. Sai can ƙarƙashin buhunan gero suka zaƙulo wata jaka ita kaɗai, cike da katin tiramol mai ƙarfi, irin wanda aka hana. Suka tafi da jakar da Baba. Shi da kansa ya roƙa aka bar shi ya sa wa shagon kwaɗo, makullin kuma ya bi shi gidan yari cikin kayan aljihunsa.

Wanda bai san 'yan ci-rani ba zai ce me ya tara jakunkunan mutane a shagon mai hatsi. Ni na sani, don ubana ya yi irin wannan a garinmu. Mutanen ƙauye ne da ke zuwa birni in an gama aikin gona: masu tura baro, 'yan ga-ruwa, masu yankan farce, leburorin gini. A kango suke kwana, ko barandar masallaci. Ba su da ɗaki balle akwati. Duk abin da mutum ya saya don iyali, sai ya kai wa wani dattijon garinsu mai shago ya ajiye masa, har damina ta kusa ya ɗauka ya tafi gida. Ba a biya, ba a rubutawa. Kuma ba a buɗewa. Wannan shi ne gishirin abin. Mai ajiya da ya leƙa jakar mutum, ko da bai ɗauki allura ba, ya gama zubar da kansa. Labari zai riga shi isa gida, kuma ba shi kaɗai zai shafa ba, har 'ya'yansa.

An tuhume shi da laifi biyu, dillancin ƙwaya da mallakarta. Na karanta masa da Hausa, na tambaye shi ya aikata ko bai aikata ba.

Ya ce, "Jakar dai a shagona take, ɗana."

Na ce, "Baba, ba wannan aka tambaya ba. Ka amsa laifi ko ba ka amsa ba?"

Ya ce, "Ban sayar da ƙwaya ba, ban taɓa sha ba."

Aka rubuta bai amsa ba. An ba da belinsa, amma da sharaɗin ya kawo babban ma'aikacin gwamnati mai gida a cikin gari ya tsaya masa. Ina mai auna gero zai samo wannan? Ya zauna a gidan yari, ana ɗage shari'a ana dawowa, har sanyi ya wuce, zafi ya shigo.

Lauyarsa wata matashiya ce daga cikin waɗanda ke tsaya wa marasa hali kyauta. Ba Bahaushiya ba ce, amma a Abuja ta tashi, tana jin irin Hausar nan ta kasuwa da ba ruwanta da namiji ko mace. Tana da ƙoƙari ƙwarai, kuma ta san inda shari'ar ta rataya. Cewa an sami jaka a shagon, ba mai musu. Abin da ya rage wa masu ƙara shi ne su tabbatar ya san abin da ke ciki. In ba su iya ba, Baba ya tafi gida. In sun iya, shekaru ne, kuma mutum mai irin shekarunsa ba lalle ya fito da ƙafarsa ba.

Ranar da zai ba da shaida na ji ta a baranda tana ja masa kunne.

"Baba, ka ji ni da kyau. Abin da an tambaye ka, shi za ka amsa. Jaka ɗin, ka buɗe shi? A'a. Ka ga abin da yana ciki? A'a. Finish. Kar ka ba su labari."

Ya ce, "To, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Da ita ke masa tambayoyi komai ya tafi daidai. Ya ce mai jakar wani matashi ne, ɗan maƙwabcinsa a can gida, wanda ya zo birni yana tura baro a kasuwar Gudu. Shi ya kawo ta a ɗinke, ya ce a ajiye masa. Tun ranar da aka yi kamen ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya buɗe? Bai buɗe ba. An ba shi wani abu a kan ajiyar? Ya dube ta kamar ta zage shi, ya ce ko ruwa bai sha ba.

Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya hargagi, kuma irinsu na fi jin tsoro. Ya fara da tambayar yawan shekarun da Baba ya yi yana karɓar ajiya, da inda yake jibge jakunkunan. Sannan ya ce:

"Sauran jakunkuna duk suna wuri ɗaya. Me ya sa wannan take ƙarƙashin buhunan gero?"

Na fassara. Baba ya ce, "Ni na mai da ita can."

"Me ya sa?"

"Don kada idon mutane ya kai kanta."

Na ga lauyar ta ajiye biro. Na juya maganar zuwa Turanci yadda ta fito, ban rage ba, ban ƙara ba.

"Me ya sa ba ka so idon mutane ya kai kanta?"

Wallahi a raina ina cewa, dattijo, ka ce saboda ɓera, ka ce saboda yoyon rufi, ka ce ka manta. Amma ni bakina ba nawa ba ne a wurin nan.

Ya ce, "Hankalina bai kwanta da ita ba. Ba ta da nauyin tufafi. In ka ɗaga ta tana wani ƙaras-ƙaras. Kuma yaron nan na ga ya sauya. Wanda jiya yake tura baro, yau ga sabon babur, ga waya biyu. Jikina ya ba ni."

"Jikinka ya ba ka me?"

"Cewa ba alheri ba ne a ciki."

"Ka tambaye shi?"

"Na tambaya. Na ce, kai, ba dai abin da zai ja mini magana ba ne ko? Ya ce haba Baba. Na ce to ka zo ka ɗauki kayanka. Ya ce in yi haƙuri zuwa ƙarshen wata."

"Basilla ce ta ɗinke jakar. Kana da wuƙa a shago. Me ya hana ka buɗewa ka gani?"

Nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci. Ya juyo ya dube ni, ba lauyan ba, kamar ni na ƙirƙiro tambayar.

"Ajiya ce fa, ɗana. Gaya masa ajiya ce. Ni in sa wuƙa a jakar mutum? In na buɗe ta na ga tufafi ne fa, da wane ido zan dube shi? Da wane ido sauran za su dube ni?"

Na gaya masa.

"Me ya hana ka kai wa hukuma?"

"A kan zato? Da ubansa muka yi kaciya. In kai ɗansa ga hukuma a kan zato, in koma garin in zauna da wa?"

Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna. Bai yi murmushi ba, wannan kam na yaba masa. Lauyar ta miƙe ta yi ƙoƙarin gyara abin da zai gyaru. Ta sa ya maimaita cewa bai taɓa ganin ƙwayar da idonsa ba sai ranar da aka farke jakar. Ya maimaita. Amma kowa a ɗakin ya san an riga an wuce wurin.

A baranda ta kusa kuka don haushi. "Baba, me na gaya maka? Na ce kar ka ba su labari!"

Ya ce, "'Yata, Alƙur'ani aka ba ni na dafa. Tambayata aka yi."

Ni ma haushin nake ji, ban san ko na wa ba. A motar komawa gida na yi ta juya abin. Na yi shekaru a kotun majistare ina fassara wa mutane hukunci don sun taɓa ajiyar da aka ba su. Ga shi yau na tsaya kusa da wanda za a hukunta don ya ƙi taɓawa. Kuma ba zan ce doka ta yi kuskure ba. Na ga abin da tiramol ke yi wa matasa a tashoshi, na ga uwaye a barandar nan. In aka ce duk wanda ya ce "ban buɗe ba" ya tsira, to kowane dila zai nemi dattijo mai farin gemu ya kai masa jaka. Mai yiwuwa ma abin da yaron ya yi ke nan. Ya san shagon da ba a buɗe jaka, shi ya sa ya zaɓe shi. Da muka zo Tungan Maje na leƙa ta taga. Ga shagon nan da koren ƙyaure, kwaɗo a rataye, awaki kwance a ƙofa.

An yanke hukunci lokacin da hadari ya fara haɗuwa da yamma. Mai Shari'a mace ce, mai natsuwa, ba ta son surutu. Ta karanta, ina bin ta a hankali kusa da kunnen Baba. A kan dillanci ta ce babu shaidar ya sayar ko ya ci riba, ta sallame shi. Ya ce alhamdu lillahi. A kan mallaka ta ce jakar tana ƙarƙashin ikonsa, kuma da bakinsa ya ce ya yi zargi, ya ɓoye ta, ya zaɓi kada ya duba. Ta ce ta fahimci al'adar, ba ta kuma raina ta ba, amma al'ada ba ta cire mutum daga doka. Ta same shi da laifi. Na gaya masa. Ya ce, "To."

Akwai wani abu da ake yi kafin a faɗi tsawon ɗauri. Ana ba mai laifi dama ya nemi sassauci da bakinsa. Dama ce guda, kuma tana tasiri, don alƙali mutum ne. Na ji iri-iri. Wasu su ce mata biyu da 'ya'ya goma, wasu su ce ciwon suga, wasu su faɗi ƙasa suna birgima. Lauyar ta riga ta yi nata, ta ambaci tsufansa da cewa bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Ta raɗa masa cewa ya faɗi ciwon ƙafarsa da iyalin da ya bari a gida. Ni kuma na yi masa bayani dalla-dalla, har na ɗan wuce iyakar aikina. Na ce, "Baba, yanzu ne za ka roƙa wa kanka. Duk abin da zai sa a tausaya maka, faɗe shi. Daga wannan babu wata."

Ya gyara tsayuwa, ya kama ƙarfen akwatin.

"Ranki ya daɗe, damina ta zo. Mutanen nan za su koma gida shuka, kayansu na kulle a shagona. Tsoro ya hana su zuwa kusa, ni kuma na hana a fasa kwaɗon. Makullin yana cikin kayana a gidan yari. Ina roƙo a ba limamin masallacin da ke bayan shagon, ya buɗe, kowa ya ɗauki nasa. Ya san su duka."

Na fassara. Mai Shari'a ta ɗago kai ta ce, "Shi ke nan abin da zai ce?"

Na tambaye shi. Lauyar ta ce a hankali, "Ƙafa, Baba, ƙafa."

Ya ce, "Saura ɗaya. Za su ga jakunkunansu a farke. A gaya musu ba ni na buɗe ba."

Na yi gyaran murya, na faɗa da Turanci, kalma bayan kalma.

Mai Shari'a ta daɗe tana rubutu. Ta ba da umarni a miƙa makullin ta hannun lauyarsa. Sannan ta faɗi ɗaurin. Ta sassauta iyakar yadda take ganin za ta iya, ta ce a lissafa daga ranar da aka kama shi. Duk da haka shekaru ne, ba watanni ba. Na gaya masa adadin. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Maganar makullin fa, ta yarda?" Na ce ta yarda. Gandiroba ya taɓa kafaɗarsa, suka fita, yana ɗan jan ƙafar da ya ƙi ambata. Magatakarda ya kira shari'a ta gaba, wani mai kwantena ne da ba ya buƙatar tafinta, na samu na zauna.

Lauyar ba ta san Tungan Maje ba, ni kuma hanyata ce. Ranar Juma'a muka tafi tare. Bayan an sauko daga masallaci liman ya buɗe shagon. Gero ya yi ƙwari, wurin duk warin daɗewa a rufe. Aka fito da jakunkunan aka jera a ƙofa, kowacce da tsaga a cikinta, atamfa na leƙowa. Mutanen suka zo a ɗarare, suna waige-waige, kowa ya nuna tasa. Ba wanda ya duba ko wani abu ya ɓata.

Saƙon yana wuyana, don haka na ɗaga murya na ce, "Jama'a, Baba ya ce a gaya muku, jami'ai ne suka farke kayanku wajen bincike. Ya ce ba shi ya buɗe ba."

Wani ɗan ga-ruwa mai furfura, yana durƙushe yana ɗaure tasa da igiya, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya ce shi ne, malam?" Ya ja igiyar ya ƙulle. "Yaushe zai fito?"

Na gaya masa. Ya bar igiyar, ya zauna a ƙasa.